Tarihin Malcom McLean, Direban Da Ya Sauya Aikin Tashoshin Jiragen Ruwa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta taso daga Ikko zuwa Kano, ba shakka ya ga manyan motocin nan masu goyon dogayen sunduƙan ƙarfe, waɗanda jama'a ke kira kwantena. Galibin hajar da ake sayowa daga ƙetare, kamar su yadi, da magunguna, da kayan gyaran mota, cikin irin waɗannan sunduƙai suke haye teku. Amma ba kowa ne ya san mafarin abin ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihin mutumin da ya kafa wannan hanya, da bayanin injunan da aka ƙera dominta. Mutumin kuwa bai yi karatun injiniya ba, bai kuma taɓa tuƙa jirgin ruwa ba. Abin da ya iya shi ne lissafin kuɗi da na lokaci, watau aikin da kowane akawu ya sani, sai dai shi ya bi lissafin har ƙarshensa.

An haifi Malcom McLean ran 14 ga Nuwamba, 1913, a wani ɗan gari da ake kira Maxton, cikin Jihar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka. Ubansa manomi ne. Ya gama makarantar sakandare a zamanin da ciniki ya faɗi a Amurka, kuɗi suka yi wuya, iyayensa kuwa ba su da halin tura shi gaba. Sai ya kama aiki a wani gidan mai a garin Red Springs. Cikin 1934 ya sayi wata tsohuwar mota ta dala 120, ya fara dako da ita, shi ne mai mota, shi ne direba. Daga baya 'yan'uwansa biyu, Jim da Clara, suka shigo cikin sana'ar, kamfanin ya riƙa ɗaukar yadi da taba daga kudu zuwa biranen arewa.

Tun daga nan halinsa ya bayyana. Ba ya raina kwabo. Kamfaninsa na cikin waɗanda suka fara sa injin gas a motocinsu maimakon na fetur, domin gas ya fi araha. Ya kan haɗa sabon direba da tsohon hannu, in sabon ya shekara bai yi haɗari ba a ba wanda ya koya masa lada, ta haka kuɗin gyara da na inshora suka ragu. Kafin shekara 20 kamfanin ya shiga sahun manyan kamfanonin dako na Amurka duka.

YADDA AKE LODA A DA

Kafin mu ci gaba, sai mu duba yadda aikin tashar jiragen ruwa yake a wancan zamani, gama in ba a san cuta ba, ba a gane amfanin magani. Dattawanmu da suka ga yadda ake kwasar buhunan gyaɗa daga dalar Kano zuwa taragun jirgin ƙasa, buhu ɗai ɗai a kan 'yan dako, sun ga irin aikin da idonsu. Haka yake a Niyok da Landan. Kaya kan zo cikin buhu, da ganga, da kwali, da akwatin katako, kowane da girmansa. A sauke su daga mota, a jibge a sito, a ƙidaya, a sāke ɗauka zuwa gefen jirgi, a zuba cikin raga, ƙugiya ta ɗaga ta saka cikin jirgi, sa'an nan leburori su ja kowane ƙunshi da hannu su cusa shi inda zai zauna.

Cikin 1954 an bi diddigin wani jirgi mai suna Warrior, wanda ya tashi daga Brooklyn zuwa Bremerhaven ta Jamus. An iske yana ɗauke da ƙunshi 194,582. Loda ya ci kwana 6, tafiyar teku kwana 10 da rabi, saukewa kwana 4. Watau kusan rabin kwanakin tafiyar, jirgin yana ɗaure ne bakin tasha, ana biyan ma'aikatansa, ba ya kuwa kawo ko anini. Ban da wannan ga sata, ga fashewar kaya, ga leburori da ke karyewa ko su rasa rai ƙarƙashin kaya.

Ana ba da labari, shi ma McLean ya kan ba da shi da ya tsufa, wai cikin 1937 ya kai auduga wata tasha a Jihar New Jersey, ya wuni cikin mota yana jiran a sauke masa, nan tunanin ya fara zo masa. Abin da ya tabbata dai shi ne, cikin 1953, da ya ga hanyoyin mota sun cika, ya fara shirin ɗora tirelolinsa a jirgin ruwa su bi gaɓar teku. Da ya buga lissafi sai ya ga ƙafafun tirela za su cinye wuri a banza, ba kuma za a iya ɗora wata bisa wata ba. Sai ya ce a bar ƙafafu a ƙasa, a ɗauki gangar jikin kaɗai.

Kada a ce shi ya fara sa kaya cikin babban akwati. Kamfanonin jirgin ƙasa na Ingila da Amurka sun daɗe suna yi, sojan Amurka ma sun yi amfani da ƙananan akwatunan ƙarfe a yaƙin Koriya. Abin da ya bambanta shi, ya gane cewa akwati shi kaɗai ba ya rage kome, sai an ƙera jirgi, da mota, da ƙugiya, da ita kanta tashar, duka a kan awon akwatin.

TAFIYAR FARKO

Dokar Amurka ta lokacin ba ta yarda mai kamfanin motoci ya mallaki kamfanin jiragen ruwa ba sai da izni mai wuyar samu. McLean bai tsaya jira ba. Cikin 1955 ya rabu da kamfanin motocin da ya yi shekara 21 yana ginawa, ya ci bashi mai yawa a banki, ya sayi kamfanin jiragen ruwa na Pan-Atlantic, sa'an nan ya sayi uwarsa, watau kamfanin Waterman. Mutane da yawa suka ga kamar ya saki reshe ya kama ganye.

Da ya ke ya san ba shi da ilmin ƙira, sai ya nemi wanda ke da shi. Ya ɗauko wani injiniya mai suna Keith Tantlinger, wanda ke aiki a wani kamfanin ƙera jikin tirela a garin Spokane. Aka samo wani tsohon jirgin dakon mai na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, aka shimfiɗa masa daɓen ƙarfe a sama, aka sa masa suna Ideal X. Aka kuma samo tsofaffin ƙugiyoyi biyu daga wata ma'aikatar ƙera jirage a garin Chester, aka kafa ɗaya a tashar Newark kusa da Niyok, ɗaya a Houston ta Jihar Teksas.

Ran 26 ga Afril, 1956, aka ɗora wa Ideal X sunduƙi 58, kowane tsawonsa ƙafa 33, ana ɗora ɗaya cikin kamar minti 7. Kafin awa 8 an gama, jirgi ya tashi ran nan. Bayan kwana 5 ya isa Houston, ya tarar da motoci na jira. Da akawuna suka haɗa lissafi, sai aka ga lodin tan guda da hannu ya kan ci kusan dala 6, amma a wannan jirgi bai kai santi 16 ba.

SIRRIN KUSURWA

To, yanzu sai mu yi bayanin ƙirar, domin a nan ne gwanintar Tantlinger ta fito. Wanda ya ga sunduƙi zai zaci ƙarfinsa a bango yake. Ba haka ba ne. Bangon falle ne na ƙarfe, an yi masa tudu da kwari kamar kwanon rufi don kada ya lanƙwashe. Ƙarfin yana ga ginshiƙai huɗu da ke kusurwoyi, kamar yadda nauyin rumfa ke kan dirkokinta, ba kan zanan da aka kewaye ta da shi ba. A kan kowane ginshiƙi, sama da ƙasa, akwai curin ƙarfe na zubi mai rami, ramin kuwa mai siffar ƙwai ne. Curi takwas ke nan ga kowane sunduƙi. In an ɗora wani bisa wani, curi ne ke zama kan curi, nauyi ya bi ginshiƙai ya sauka ƙasa, rufin na ƙasa ba ya ɗaukar kome. Shi ya sa ake jera su hawa takwas ko tara cikin jirgi, cike da kaya, na ƙasa bai motse ba.

Abu na biyu shi ne sakata mai juyawa. Kanta ma dogo ne kamar ramin. In ta shiga ramin sai a murɗa ta rubu'in kewaye, ta gicciye, ba ta fita kuma sai an mai da ita yadda ta shiga. Da irin wannan sakata ake ɗaure sunduƙi a bayan mota, da ita ake haɗa na sama da na ƙasa a bisa jirgi.

Abu na uku shi ne mariƙi. Wannan wani shimfiɗaɗɗen firam ne na ƙarfe, daidai tsawo da faɗin sunduƙi, wanda ke rataye jikin igiyoyin ƙugiya, da sakata a kusurwoyinsa huɗu. Mai tuƙa ƙugiya ya kan sauke shi bisa sunduƙi, ya taɓa maɓalli, sakatu huɗu su juya gaba ɗaya, ya ɗaga. Da can sai mutane sun hau kan kaya sun maƙala ƙugiyoyi da hannu. Da mariƙi ya zo, wannan hawa ya ƙare, nauyi kuma ya riƙa bin ginshiƙai sak, ba ya matse bangon.

Cikin Oktoba 1957 kamfanin ya fito da jirgi mai suna Gateway City, wanda aka gyara cikinsa musamman. An kakkafa dogayen ƙarafa a tsaye, suka raba cikin jirgin ɗaki ɗaki, kowane ɗaki ya ɗara sunduƙi da ɗan kaɗan, yadda sunduƙi zai zurara ciki ya zauna daram ko teku ta yi hauka. Jirgin na ɗaukar sunduƙi 226 masu ƙafa 35, yana kuma tafe da ƙugiyoyinsa biyu a kansa, masu gudu bisa dogo, da hannuwa masu miƙewa su kai kan mota a bakin tasha, in an gama a naɗe su. Cikin 1960 aka sāke wa kamfanin suna ya zama Sea-Land.

ƘUGIYAR BAKIN TASHA

Gaskiya ta sa mu faɗi cewa ƙugiyar da duniya ta bi daga baya, ba daga McLean ta fito ba. Wani kamfani mai suna Matson, mai kai kaya tsibiran Hawai daga yammacin Amurka, ya ga ɗora ƙugiya a kan kowane jirgi asara ce, gama tana cin wurin kaya, tana zaman banza muddin jirgi na teku, gishiri kuma na cin ta. Sai ya sa kamfanin Paceco ya ƙera masa wadda za ta zauna a ƙasa. Ta fara aiki cikin Janairu 1959 a Alameda ta Jihar Kalifoniya, tana ɗaga tan 25, tana gama zuwa da komowa cikin minti 3. McLean bai yi girman kai ba, da ya ga lissafinsu ya fi nasa, shi ma ya koma ga irinta.

Siffarta har yanzu ba ta sāke ba, girma kawai ta ƙara. Ƙafafu huɗu gare ta, suna tafiya bisa dogo a gefen ruwa, motoci na wucewa tsakaninsu. A sama akwai dogon hannu da ya miƙa bisa jirgi, an riƙe shi da sandunan ƙarfe daga ƙololuwa, ana kuma iya ɗaga shi tsaye don jirgi ya wuce. Wani amalanke ke gudu a jikin hannun, mariƙi na rataye ƙarƙashinsa. Direba na zaune cikin ɗan ɗaki mai daɓen gilashi, yana duban ƙasa ta tsakanin ƙafafunsa wuni zubur. Lantarki ke juya ta. Manyan na yanzu hannunsu ya kan kai mita 70, suna ɗaga tan 65, watau ƙananan sunduƙai biyu a tashi ɗaya, gwanin direba kuwa ya kan kwashe sunduƙi 25 zuwa 30 cikin awa guda. An sa wa mariƙi na'urar da ke hana ɗagawa in sakata ɗaya ba ta kulle ba. Babban abokin gabanta iska ne, in ya yi ƙarfi sai a tsai da aiki a ɗaure ta da ƙasa. Mafi yawan waɗanda ake kafawa yanzu a Shanghai ta ƙasar Sin ake ƙera su, a kawo su a tsaye bisa jirgi.

Bayan ƙugiya akwai injunan fili. Akwai mai dogayen ƙafafu da ke haye kan sunduƙi ta ɗauke shi a tsakanin ƙafafunta. Akwai mai kama da gada bisa tayoyi, wadda ke jera su layi layi. Akwai kuma mota mai hannu ɗaya da ke miƙewa, mai ɗaga tan 45, irin wadda ake aiki da ita a ƙananan tashoshi da na tudu. Dukansu wuri ɗaya suke kamawa, watau curin nan na kusurwa.

AWO ƊAYA

Da fari kowane kamfani da awonsa. Na Sea-Land ƙafa 35, na Matson ƙafa 24, kusurwoyinsu ma dabam dabam, ƙugiyar wannan ba ta ɗaukar sunduƙin wancan. Aka yi shekaru ana gardama a hukumar daidaita awo ta duniya. Haƙƙin ƙirar curi da sakata na kamfanin McLean ne, yana da ikon hana kowa. Amma ya saki haƙƙin kyauta, domin ya ga in kowace tasha na iya ɗaukar sunduƙinsa, ribarsa ta fi kuɗin da zai karɓa wajen masu kwaikwayo. A kan ƙirarsu aka gina wadda duniya ta amince da ita. Zuwa 1968 an tsai da tsawo, mafi yawa ƙafa 20 da ƙafa 40, faɗi ƙafa 8. Abin mamaki, awonsa na ƙafa 35 bai shiga ba.

Cikin 1966 jirginsa Fairland ya haye zuwa Rotterdam ta ƙasar Holan. Cikin 1967 gwamnatin Amurka ta ba shi kwangilar kai wa sojanta kaya Biyetnam, inda tashoshi suka cushe. Da ya ga jiragen na komowa wofi, an kuwa riga an biya kuɗin zuwa da komowa, sai ya sa su riƙa biyawa ta Japan suna ɗauko haja. Daga 1968 kayan Japan suka fara kwarara Amurka cikin sunduƙai. Cikin 1969 ya sayar da Sea-Land ga kamfanin taba na Reynolds, rabonsa shi kaɗai dala miliyan 160.

WAƊANDA ABIN YA SHAFA

Ba mu ce kowa ya ji daɗi ba. Aikin da ɗaruruwan leburori ke yi cikin mako, ya koma na mutum kaɗan cikin yini. Cikin 1958, da jiragensa suka fara zuwa tsibirin Puerto Rico, leburorin tasha suka ƙi sauke su har wata huɗu. A yammacin Amurka ƙungiyar leburori ta yi yarjejeniya da masu jirage cikin 1960, ta yarda da injuna, su kuma suka zuba kuɗi don sallamar tsofaffi da tabbatar da albashin waɗanda suka rage. Duk da haka dubbai sun rasa sana'ar da suka gada. Tsofaffin tashoshin Manhattan da Brooklyn suka mutu don ba su da filin jera sunduƙai, aiki ya ƙaura New Jersey. Haka tashoshin tsakiyar Landan, na ƙarshensu an rufe su cikin 1981, wani ɗan gari mai suna Felixstowe ya gaje su. Wannan abin lura ne ga duk mai riƙe da ragamar jama'a: inji ba ya shawara da kowa in ya zo, amma inda shugabanni suka shirya wa mutanensu tun da wuri, wahalar ta zo da sauƙi.

FAƊUWA

Shi kansa McLean lissafi ya ci shi sau biyu, duka kuwa a kan kuɗin mai. Cikin 1972 Sea-Land ta fara aiki da wasu jirage 8 da ya sa aka ƙera, masu gudun wajen mil 38 cikin awa, ba jirgin kaya da ya kai su sauri, ba kuwa wanda ya kai su shan mai. Cikin 1973 kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo, jiragen suka zama kaya, daga baya aka sayar wa sojan ruwan Amurka.

Cikin 1978 ya sayi kamfanin United States Lines. Wannan karon ya ce mai zai ci gaba da tsada, sai ya sa aka ƙera masa manyan jirage 12 a Koriya ta Kudu, kowane na ɗaukar ƙananan sunduƙai fiye da 4,000, masu tafiyar hawainiya don tsimin mai, su riƙa kewaya duniya. Suna fara aiki sai kuɗin mai ya faɗi, masu kaya suka koma ga jirage masu sauri. Cikin Nuwamba 1986 kamfanin ya karye da bashin wajen dala miliyan 1,200, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Yana da shekara 73 a lokacin. Bai zauna ba, bayan 'yan shekaru ya sāke kafa wani ƙaramin kamfani mai suna Trailer Bridge, mai kai kaya Puerto Rico. Ya mutu a Niyok ran 25 ga Mayu, 2001, yana da shekara 87. Ran jana'izarsa jiragen sunduƙai a tashoshi dabam dabam suka busa ƙaho don girmama shi.

Yanzu akwai jiragen da ke ɗaukar ƙananan sunduƙai 24,000, inda Ideal X ta ɗauki 58. Sunduƙin da aka kulle a ƙasar Sin shi ne ke sauka Apapa, shi ne kuma ake iya kawowa tashar tudu ta Kaduna, wadda aka buɗe cikin 2018, ko ta Dala a Kano, wadda aka buɗe cikin 2023, ba a taɓa abin da ke ciki ba. Muna roƙon malaman makaranta, in sun zo koya wa yara awo da lissafi, su ba su wannan labari, su kuma nuna musu curin nan na kusurwa ran da wata mota ta tsaya kusa. Akawuna kuwa su tuna, in kaya sun kwana a tasha suna jiran takarda, to, asarar da McLean ya kashe rayuwarsa yana yaƙi da ita ce ta komo, ba ƙugiyar da za ta iya maganinta sai mai riƙe da alƙalami.